Kaka ta zo: wa ya iya taimakon gaggawa a ƙungiyarku?

Yanzu da aka shiga yankan riɗi da roron wake daga Gumel har Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, ga tambayar da ya kamata kowace ƙungiyar manoma ta yi wa kanta: in injin casa ya kama hannun yaro, ko maciji ya sari mai kaɗe riɗi, wa zai taimaka masa kafin a isa Babban Asibitin Gumel?

Dokar masana'antu ta Najeriya ta wajabta ajiye akwatin taimakon gaggawa a kowace masana'anta, a hannun wanda aka ɗora wa alhakinsa. Gonarka ba masana'anta ba ce, babu jami'in da zai zo duba ta, alhali nan ne wurin aikinka. In ƙungiya ba ta ɗauki nauyin abin ba, babu mai ɗauka.

Mu fara da maciji. Riɗin da aka jingine ya bushe yana jawo ɓera, maciji kuma ɓera yake bi. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, shi ya sa tsaga wurin da reza ke jawo zubar jinin da ba ya tsayawa. Ɗaure ƙafa tamau da roba kuwa yana iya kai mutum ga rasa ƙafar. Wanda ya samu horo ya san a kwantar da hankalin mutum, a cire zobe ko agogo kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi watsi da su. Ku tambayi asibitin da ke kusa tun yanzu ko suna da allurar kashe dafi, kada sai dare ya yi ana yawo da mutum a kan babur.

Sai maganin feshi, irin su fiya-fiya da ƙwayar da ake sa wa wake a buhu. Madara da manja da ake ɗura wa wanda ya sha ba magani ba ne, kuma kada a sa shi amai. A fitar da shi iska, a cire rigar da ta jiƙe, a wanke jiki da ruwa da sabulu, a tafi asibiti da kwalbar don likita ya ga abin da ke ciki.

Horon ba nesa yake ba. Ƙungiyar Red Cross tana koyarwa, tana ba da takardar shaida, ga kuma 'yan agajin Izala da na Fityanul Islam a garuruwanmu. Shawarata, kada ku tura shugaba don yana shugaba. Ku tura mai feshi da mai kula da inji, su ne a wurin in abu ya faru. Ku haɗa da mace ɗaya ko biyu cikin masu ɓarar zoɓo, domin mace ta fi sakin jiki da 'yar'uwarta.

Takardar shaida ma hannu take buƙata: a riƙa maimaita atisaye kafin kowace kaka. Kuɗin bandeji, safar hannu da sabulu, ku cire shi daga asusun ƙungiya ranar da kuka sayar da riɗin farko a kasuwar Maigatari ta Alhamis.