Saiwar Sanya: A Gwada Kafin A Yi Shela

Ba banza ba Hausawa suka yi wa itaciyar sanya laƙabi da uwar magunguna. Tun kaka da kakanni ake haƙo saiwarta domin ciwon kai da ciwon gaɓɓai. Masana kimiyya kuwa, waɗanda ke kiranta Securidaca longepedunculata, sun gano cewa saiwar tana ɗauke da sinadarai masu hana tsatsar jiki, wato antiyoksidan, cikinsu har da dangin zanton.

Mece ce tsatsar jiki? Ɗalibi ya dubi farin goro idan an fasa shi, yadda yake rinewa da ya sha iska. Iskar oksijin ce ta taɓa shi. A jikin ɗan Adam ma, yayin da ake ƙona abinci domin samun ƙarfi, akan sami wasu ɓurɓushin sinadarai marasa natsuwa da ke lahanta ƙwayoyin halitta. Aikin antiyoksidan shi ne kashe musu kaifi.

To, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Akasari a cikin kwalbar gwaji ake tabbatar da wannan aiki, kwalba kuwa ba ta da hanji da hanta da ƙoda. A shekarar 1994 aka bayyana sakamakon wani bincike a ƙasar Finlan a kan mazaje mashaya taba fiye da 29,000. Waɗanda aka ba ƙwayoyin beta-karotin, sinadarin da ake yabo a cikin karas da manja, sankarar huhu ta ƙaru a cikinsu da kashi 18 cikin 100. Ita ma saiwar sanya, ƙamshin man zafi da ke tashi daga jikinta na sinadarin metil salisilet ne, wanda yawansa guba ne. Bugu da ƙari, itaciyar da aka yi wa haƙa babu ƙaƙƙautawa mutuwa take yi.

Saboda haka, a ganinmu, kuskure ne a raina ilimin magabata, kuskure ne kuma a ce kimiyya ta tabbatar da magani alhali gwajin bai wuce kwalba ba. Muna kira ga malamai su koya wa ɗalibai tambayoyi uku: a kan wa aka gwada, nawa aka sha, kuma wace illa ta biyo baya? Ɗalibin da ya riƙe waɗannan, mai talla ba zai yi ciniki da lafiyarsa ba.