Ruwan Wanka a Hunturu: Wace Hita Ce Ta Dace da Gidan Gangara?

Duk magidancin da ya kammala ginin gida a Gangara ko cikin garin Jibiya, da zarar iskar Disamba ta fara sauko da hazo, zai tuna cewa saura abu ɗaya a banɗaki. A shagunan kayan famfo na Katsina da Kano zai tarar da hita iri biyu: mai tanki, wadda ke dumama ruwa ta adana shi, da 'yar ƙarama mai dumama ruwan a daidai lokacin da yake ratsa ta. Ta biyun ce ke jan ido, domin ba ta cin wuri, kuma wanda ya taɓa zaman Ingila zai ba da labarin yadda 'yar'uwarta mai suna kombi ta mamaye gidajen can.

Sai dai kombi ta dogara ne da abubuwa biyu: bututun iskar gas da ke shiga gida dare da rana, da ruwan famfo mai ƙarfin turi. A nan kuwa ruwan shawa daga tankin sama yake saukowa, kuma sai tankin ya yi tsayin mita 10 kafin ƙarfinsa ya kai ba ɗaya a ma'auni. Tankin da aka ɗora a kan ƙarfe mai mita 5 rabin haka yake bayarwa, kuma da yawa daga cikin ƙananan hitocin nan ba sa ma kunnuwa idan turin ruwa ya yi rauni.

Lissafin wuta ya fi wannan tsanani. Idan shawa tana zubar da lita 6 a minti ɗaya, ana kuma son ruwan ya tashi daga digiri 15 zuwa 40, hitar za ta ja fiye da kilowat 10 a lokaci guda. Wannan nauyi ya fi ƙarfin janareton gida da batiran sola na yau da kullum, ya fi ƙarfin siraran wayoyin da ake binnewa a bango don rage kuɗin gini. Hita mai tankin lita 50 kuwa, da kilowat ɗaya da rabi za ta kai ruwan digiri 60 cikin ƙasa da awa biyu. Kuma a tsarin hukumar NERC rukunin A ne kaɗai aka yi wa alkawarin wuta ta awa 20 a rana, rukuni na ƙarshe awa 4 ce rabonsa. Wutar da ta zo da ƙarfe biyun dare ba ta da amfani ga hitar da ba ta ajiya, amma mai tanki za ta kama ta, ta riƙe zafin har lokacin alwalar asuba da wankan 'yan makaranta.

Wasu kan kauce wa matsalar ta hanyar sayen mai aiki da tukunyar gas. Tana aiki, amma idan aka kafa ta cikin banɗakin da aka toshe tagarsa saboda sanyi, tana iya tara iskar guba marar wari marar launi, wadda ke kashe mutum kafin ya ankara. Wurinta waje ne, ko kuma a yi mata bututun fitar da hayaƙi.

Mai tankin ma tana da nata aibu. Zafi yana zurarewa a hankali ta jikinta, kuma idan ruwan ya ƙare, na biyar a layin wanka sai ya koma wa murhu. Tana kuma da wani ɗan bawul na rage matsi, wanda masu aikin famfo kan toshe don kawai yana ɗiga. Toshe shi ganganci ne, domin shi ke hana tankin fashewa. Duk da haka, ita ce ta dace da irin wutar da yankin ke samu.

Mai hali zai iya ƙarawa da tankin rufi mai dumama ruwa da hasken rana. Rauninsa shi ne ƙurar hunturu tana rufe gilasansa a daidai watannin da aka fi bukatarsa, don haka sai an riƙa goge su, a kuma zaɓi wanda aka sa wa hitar lantarki a ciki saboda ranakun da hazo ya tare rana.