Kafin Ka Biya Kuɗin Haya, Gwada Ɗakin Da Wayarka

Tsangayar Shari'a ta ABU tana Kongo, amma sabon ɗalibi yakan kama ɗaki a Samaru don can abokansa suke. Google Maps zai nuna masa hanya da mintuna. Ba ya lissafa zaman jiran bas ta cika.

Ni dai Gyallesu ko Tudun Wada zan zaɓa, ko da hayar ta fi tsada. Amma fa ka shiga ɗakin, ka rufe ƙofa, ka gwada sauke PDF ɗin hukuncin kotu guda. In sabis ya ɗauke, kama gabanka, don karatun lauya yanzu a waya ake yawancinsa. Batun wuta kuwa, tambayi mai cajin wayar layin. Ya fi dillali faɗin gaskiya.