Binciken Tarihin Ɗinki: Ina Sunan Maɗinki?

A shekarar 1979 ne David Heathcote ya kammala kundinsa na digirin dakta a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a kan adon ɗinkin tufafin Hausawa. Tun daga lokacin keken ɗinki yake ta ture allura, tsofaffin gwanaye kuwa sai raguwa suke yi.

Garin Wudil, wanda ya sami jami'a a 2001, yana da maɗinkan da ya kamata a ji ta bakinsu. Wajibi ne ɗalibi mai neman babban digiri kada ya tsaya ga littattafai kaɗai. Ya zauna da su, ya rubuta sunan wanda ya zana aska takwas da na wanda ya koya masa. In aka yi sakaci, za a wayi gari riga tana nan, babu mai bayaninta.