Laifin Gida Ne, Ko Na Maigida?

A ƙasashen Turai da Amurka an yi wata jama'a ta mata masu ilmi waɗanda suka tashi haiƙan, tun wajen 1968, suna cewa duk wahalar da 'ya mace ke sha a duniya tushenta ɗaya ne, watau mulkin maza. Suka ce maza ne suka tsara dokoki, su ne alƙalai, su ne masu dukiya, su ne kuma masu fassara littattafai, saboda haka kome aka ɗora bisa ma'auni sai ya rinjaya wajensu. Masu zafi daga cikinsu ba su tsaya nan ba. Wata mai suna Shulamith Firestone ta wallafa littafi a Amurka cikin 1970, inda ta nuna wai gidan aure shi ne kurkukun mace na fari, haihuwa da reno su ne sarƙar da aka ɗaure ta da ita, ba kuwa za ta sami 'yanci ba sai an rushe iyali yadda aka san shi.

In irin wannan magana ta iso zaurukan birnin Katsina, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa, abin da magidanta su kan yi shi ne su tuntsure da dariya, su ce haukan Turawa ne, su koma ga hirarsu. To, wannan dariya ba ta kamata ba. Maganin da matan nan suka kawo ba shi da kyau, gaskiya ne. Amma ciwon da suka nuna yana nan a bayan zaure, kusa da mai dariyar, kuma ruwa ba ya tsami banza.

A fara da maganin, don a sallame shi. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A wannan ƙasa gida shi ne baitulmalin talaka, shi ne asibitinsa, shi ne kuma mafakarsa ran tsufa. Maraya a gida ya ke girma, bazawara gidan ubanta ta ke komawa, tsohuwar da ƙarfinta ya ƙare ɗakin da ɗanta ya gina mata ta ke kwana. Ran da aka rushe wannan, mace ce za ta fara shan rana, gama namiji ya ɗauki sandarsa ya shiga duniya, ita kuwa a bar ta da goyo. Har wa yau macen Hausa ba ta zama kamar yadda waɗancan su ke zato ba. Tana da sana'arta a cikin gida, ƙuli-ƙuli ko fura ko saƙa, tana zuba adashi, abin da ta samu kuwa nata ne, shari'a ba ta ba miji ikon taɓa ko anini ba sai da yardarta. Ashe ginin yana da kyau. Abin bincike shi ne halin mai riƙon ginin.

Shaida ta fari tana nan bayan gari, a asibitin Babbar Ruga. Da can wurin jiyyar kutare ne. Wani likita mutumin Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya fara ɗinke mata masu ciwon yoyon fitsari a nan cikin 1984, ya kuwa yi wa dubbai aiki. Yadda ciwon ke samuwa ba asiri ba ne. Yarinya ta kama naƙuda, ƙugunta bai isa ba, ko kuwa ɗa ya zo ba daidai ba, ta kwana biyu ko uku tana fama a ɗaki. Kan jariri ya danne mafitsara har naman wurin ya mutu, ya huje. Galibi ɗan ba ya zuwa da rai, ita kuwa ta tashi fitsari yana zuba dare da rana. Waɗansu kuma yankan gishiri ne ya jawo musu. To, wa ya aurar da ita tun jikinta bai ƙosa ba? Wa ya ce ba za a fita da ita asibiti ba sai ya dawo daga kasuwa ya ba da izini? Wa kuma ya aika mata da takardar saki sa'ad da ɗakin ya fara zarni? Duk amsar ɗaya ce. Malaman Malikiyya sun ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa, amma don ya nema mata alheri aka ba shi, gama an ɗauka ba wanda ya fi shi tausayinta. Wanda ya mai da wannan amana hanyar biyan bashi ko neman girma wurin mai kuɗi, ya ci amana, ko da liman ya shafa fatiha.

Shaida ta biyu daga ɗakin shari'a ta fito, duniya duka kuwa ta ji labarinta. Ran 22 ga Maris, 2002, kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa wata bazawara, Amina Lawal, hukuncin jifa saboda ta haihu ba ta da aure. Mutumin da ta ambata ya yi rantsuwa ya ce ba shi ba ne, ba a sami shaidu huɗu a kansa ba, aka sallame shi ya tafi gida. Babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin cikin watan Agusta na wannan shekara. Ƙungiyoyin mata suka tsaya mata, lauyoyi irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim suka ɗaukaka ƙara. Ran 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a birnin Katsina ta soke hukuncin, alƙalai 4 cikin 5 suka yarda da haka. Abin lura shi ne hujjojin da suka kafa. Ba dokar Ingila suka jawo ba, littattafan Malikiyya suka buɗe. Suka nuna cewa wanda ya yi iƙirari a irin wannan laifi yana da ikon janye shi. Suka nuna cewa ciki ya kan kwanta, har malamai sun ba shi shekara 5, saboda haka cikin da ya bayyana ga bazawara a wannan tsakani a kan danganta shi ga tsohon mijinta. Suka kuma nuna cewa alƙalin farko ya zauna shi kaɗai, alhali dokar jihar ta ce a zauna da mataimaka.

Wannan shari'a ta kunyata ɓangare biyu. Ta kunyata masu cewa addini ne ke danne mata, gama littafin addini ne ya kuɓutar da ita. Ta kuma kunyata masu cewa ba abin da ke damun mata a ƙasar nan, gama galibin waɗannan hujjoji suna nan a rubuce tun ɗaruruwan shekaru, amma aka yi wata 18 ana riƙe da ran mace matalauciya, wadda ba ta yi karatun da za ta san su ba. Da ba ta sami masu tsaya mata ba fa?

Shaida ta uku ba ta bukatar tafiya ko'ina, tana cikin kowace unguwa. Shari'a ta ce wadda aka saki ta yi idda a ɗakinta, miji yana ciyar da ita. Al'ada ta ce ta kwashe kayanta tun kafin magariba. Malikiyya sun ce uwa ce ta fi cancanta da riƙon 'ya'yanta bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji, muddin uwar ba ta yi wani aure ba, uba kuwa shi ke biyan abincinsu; al'ada ta ce da an yaye yaro a ƙwace shi a kai wa kishiya. Shari'a ta ba 'ya rabin rabon ɗa a gado, ta ba matar mamaci tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu. Amma sau nawa 'yan'uwa maza su kan riƙe gona su ce mace ba ta noma? Sadaki na amarya ne, ci da sha da tufafi da wurin kwana suna wuyan miji, ƙarin aure kuwa an gindaya masa sharaɗin adalci. Maigida ya hardace duk abin da aka ba shi, ya manta duk abin da aka ɗora masa. Wanzami ba ya son jarfa. Wannan shi ne mulkin mazan da a ke kuka da shi, ba kuwa Turawa suka kawo shi ba.

Wani zai ce ai neman haƙƙin mata baƙon abu ne. Wannan bai san tarihin ƙasarsa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin littafinsa Nurul Albabi, ya zargi malaman zamaninsa da su ke koyar da almajirai a waje, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta naɗa jajis, ta aike su ƙauyuka suna karantar da mata, su ne a ke kira 'Yan Taru. A nan Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka buɗe makarantar 'yan mata cikin 1930, tana ɗaya daga cikin na fari a Arewa duka. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan jam'iyyar NEPU, ta shiga gidan yari ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, saboda ta ce a ba mata ilmi da ƙuri'a, a daina yi musu auren dole. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa an hana su, aka ce wai in an ba su gidaje za su watse. An ba su cikin 1976, gidaje kuwa ba su watse ba. Cikin 1982 aka yi taro a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda ya haifi ƙungiyar WIN mai fafutukar haƙƙin mata. Ashe kukan ya daɗe, 'yan gida ne kuma su ke yinsa.

Saura abin yi, musamman ga wanda Allah Ya nufa ya shiga ajin Yaƙi da Jahilci ya fito da takardar shaida. Shi ya ɗanɗana zafin a kawo masa wasiƙa ya rasa mai karanta masa, bai kamata ya bar matarsa da 'yarsa cikin wannan hali ba. Ya koya wa matarsa abin da ya koya, ko ya bar ta ta tafi aji. Ya bar 'yarsa ta yi karatun allo da na boko, kada ya cire ta don talla ko don aure, ya kuma nemi yardarta kafin ya karɓi goron kowa. Ya ba da izini tun ciki yana ƙarami, cewa ran da naƙuda ta yi tsawo a tafi asibiti ko yana nan ko ba ya nan. In zama ya ƙi, ya rabu da mutunci, ya biya abin da ke kansa. In an zo rabon gado, a kira malami ya lissafa, a rubuta, a ba 'yar'uwa gonarta da iyakarta. Alƙalai da masu unguwanni kuma su tuna, mace mai kawo ƙarar cuta tana da haƙƙin a raba auren in cutar ta tabbata, ba a ce mata ta yi haƙuri a kore ta ba.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Masu son a rushe iyali ba su da wata hujja da ta fi azzalumin maigida ƙarfi. Duk ran da ya mari matarsa, ko ya kore ta da tsakar dare, ya ƙara musu shaida. Wanda ke kishin gidan aure da gaske, to, ya tsare shi da adalci, gama katanga ba ta faɗuwa sai ruwa ya ci gindinta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba magidanta ikon riƙon amana, Ya sa albarka ga iyaye mata da 'ya'yansu, Ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.