404 Ko 504: Wacce Za A Aika Gida?

Jama'a 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun, musamman mutanen Kagoma da kewayen Kafanchan, akwai gardamar da ba ta ƙarewa a tashoshin mota: tsakanin Peugeot 404 da 504, wacce ta fi? Gardamar ba ta banza ba ce, domin wasu na tara kuɗin gumi don su sayi tsohuwar mota su aika gida a riƙa jigilar citta.

A ganina an zalunci 404. Ta fito a 1960, da inji mai lita 1.6 da giya a jikin sitiyari, kuma sau huɗu tana cin tseren Safari na Gabashin Afirka, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, cikin laka da ramuka irin na hanyoyin ƙauyukanmu da damina. Akori-kurarta ce ta yi wa talaka bauta. A loda mata buhunan citta har bayanta ya zauna, mata 'yan kasuwa su hau sama, ta kama hanyar Kwoi ko Kafanchan ba gunaguni. In ta tsaya kuwa, bakanike ɗaya da sifana biyu sun isa.

Ita 504 ta zo a 1968, kuma sunanta ya yi tashe ne bayan an buɗe masana'antar PAN a Kakuri, Kaduna, a 1975, gwamnati ta mai da ita motar manyan ma'aikata. Wato dai rabin darajarta daga ofis ta samo shi. Ba a musun ta fi laushin zama, ta fi ƙarfin inji, kuma doguwarta ce ta kai da yawanmu Kudu.

Amma fa wanda zai fitar da kuɗinsa yau kada ya bi son zuciya. An ci gaba da harhaɗa 504 a Kaduna har bayan shekarar 2000, saboda haka ana iya samun kayan gyaranta a Panteka ko Ladipo. Na 404 sai an yi yawo, wani lokaci sai an farke wata matacciya. Motar da za ta yi mako uku a gareji lokacin haƙar citta asara ce ga iyali. Ku sayi akori-kurar 504, ku leƙa ƙarƙashinta ku duba tsatsa kafin ku biya.