Sharhi: Ciwon hanji mai tashi da kwantawa, da ƙwayoyin homiyofati



Sharhinmu na yau a kan wani ciwo ne da mutane da yawa ke fama da shi shiru, daga nan Guéné zuwa Malanville, har tsallaken kogi a Gaya. Ciki ya murɗa, ya kumbura bayan an ci abinci, iska ta cika shi. Wannan mako zawo, mako na gaba bayan gida ya ƙi fita. A je asibiti a auna jini, a auna bayan gida, a ce ba a ga komai ba. A dawo gida, wannan ya ce olsa ce, wancan ya ce basir ne, wata ta ce sammu aka yi. Ma'aikatan lafiyarmu da suka yi karatu da Faransanci, kolopati suke ce masa.

Ciwon gaskiya ne, mai shi ba raki yake yi ba. Ƙa'idar da masana suka fitar a 2016, wadda ake kira ƙa'idar Roma ta huɗu, ta ce ana zarginsa idan ciki yana ciwo aƙalla rana ɗaya a kowane mako tsawon wata uku, kuma ciwon yana tafiya tare da sauyin bayan gida. Hanjin bai ji rauni ba, saurin jin zafi gare shi, kuma saƙonnin da ke kai da komo tsakaninsa da ƙwaƙwalwa sun rikice. Shi ya sa damuwa ke tayar da shi: bashi, tsayawar ciniki, rigimar gida. Wani kuma bayan ya tashi daga zawo mai tsanani ne abin ke kama shi. Ba ya kisa, ba ya rikiɗewa ya zama kansa, amma yana hana ɗan kasuwa zaman rumfa, yana sa matafiyi tsoron shiga motar Kandi.

Wanda ya daɗe da irin wannan wahala, duk abin da aka miƙo masa karɓa yake yi. Cikin abubuwan da ake tallatawa a wayoyinmu, ko wani ya zo da shi tsaraba daga farmasin babban birni, akwai wasu 'yan ƙananan fararen ƙwayoyi cikin siririn bututu, da rubutu irin 9 CH ko 30 CH a jiki. Wannan shi ne homiyofati.

Wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, shi ya fito da shi a 1796. A ganinsa, abin da ke sa wa mai lafiya wata alama, shi zai warkar da mai fama da ita, muddin an tsarma shi sosai. Ana ɗaukar ɗigo ɗaya a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko alkwal, a girgiza. A ɗauki ɗigo ɗaya daga ciki, a sake zubawa cikin wani 99. Lambar da ke jikin bututun ita ce adadin maimaitawar. Ilimin sinadarai ya nuna cewa daga tsarmi na 12 zuwa sama, da wuya a tarar da ko ƙwayar zarra ta abin da aka fara da shi. Da za ka tsaya kan gadar Malanville ka ɗiga ɗigo ɗaya na magani a kogin Isa, wani ya ɗebi ruwan a Lokoja ya sha, to abin da ya sha ya fi 30 CH ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da ya rage a bututun sukari ne.

Kada a haɗa wannan da sassaƙe da saiwa da ganye na masu maganin gargajiya. Waɗancan akwai sinadari a cikinsu, yana iya amfani, yana iya cutarwa, kuma wannan magana ce ta wata rana.

An gwada homiyofati a kan wannan ciwo na hanji. Ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken magunguna, ta tattara gwaje-gwajen a 2019: guda huɗu kacal, mutum 307, biyu daga ciki tun shekarun 1970 aka yi su a Jamus. Ta ce hujjar tana da rauni ƙwarai, ba a iya yanke hukunci da ita. Ita kanta Faransa, gidan Boiron, kamfanin da ke yin irin waɗannan ƙwayoyi, hukumar lafiyarta ta bincika a 2019 ta ce ba ta ga isasshiyar shaidar amfani ba, kuma daga 1 ga Janairu 2021 inshorar lafiya ta gwamnati ta daina biyan ko sisi a kansa.

To amma wani zai ce, ni na sha, kuma na ji sauƙi. Ban ƙaryata shi ba. Ciwon nan dama tashi yake yi ya kwanta, kuma mutum kan nemi magani ne ranar da abin ya fi tsanani, sai lafawar da za ta zo da kanta ta faɗo a kan ƙwayar. Akwai kuma abin da masana a jami'ar Harvard ta Amurka suka nuna a 2008 da masu wannan ciwo 262. Waɗanda aka bari suna jira, kashi 28 cikin ɗari suka ce sun samu sauƙi. Waɗanda aka yi wa allurar wasa, wadda ba ta huda fata, ba tare da wata hira ba, kashi 44. Waɗanda aka yi wa allurar wasan, aka kuma zauna da su, aka tambaye su, aka saurare su da kulawa, kashi 62. Mai ba da homiyofati yakan daɗe yana sauraron mara lafiya, kuma a ganina nan sirrinsa yake.

Abin da ya fi damuna shi ne mu mutanen bakin kogi ne. Manomin shinkafa da ke wuni cikin ruwa, masunci, yaron da ke wanka a tafki, makiyayin da ke kawo dabbobi kasuwar Guéné yana shan ruwan da ya samu a hanya, kowannensu tsargiya ko atuni ko tsutsar ciki na iya kama shi, kuma alamunsu na kama da na kolopati. Waɗannan suna da magani tabbatacce mai araha. Wanda ya zauna tsotsar sukari wata uku alhali tsutsa ce ke cinsa, ya yi asarar kuɗi da jini. Duk wanda ya ga jini a bayan gida, ko yana ramewa, ko zazzaɓi, ko zawo na tashinsa cikin dare, ko ciwon ya fara masa bayan ya haura shekara 50, ya tafi asibitin Malanville, kada ya jira.

Idan an auna an tabbatar kolopati ne, akwai abin yi. Binciken jami'ar Monash ta Ostareliya ya nuna albasa, tafarnuwa, wake, alkama da ɗanyar madara na cikin masu kumbura cikin irin waɗannan mutane. Na san hana mutumin Malanville albasa ba ƙaramin abu ba ne, amma ba hani ne na har abada ba: a rage na 'yan makonni, a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya har a gane mai laifin. A ci abinci a kan lokaci, a rage shayi mai ƙarfi, a yi tafiyar ƙafa. Man na'a-na'a na ƙwaya da magungunan kwantar da murɗar ciki suna taimaka wa wasu, a karɓe su daga hannun likita, ba daga mai tebur a tasha ba.

Kira na ga ma'aikatan lafiyarmu: idan awo ya fito babu komai, kada a sallami mutum da "lafiyarka lau". A zaunar da shi, a gaya masa sunan ciwonsa da yadda zai zauna da shi. Ku kuma 'yan uwa masu fama, kuɗin bututun sukari ku kai shi awon bayan gida tukuna.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.